Me Ya Sa Matsin Mai Ke Faɗuwa Bayan An Ɗaura Wa Mota Masanyayin Mai?

Akwai tambayar da ta daɗe tana raba kan masu motocin gudu a Amurka, Japan da Turai, musamman waɗanda ke kai motocinsu filin tsere a ƙarshen mako. Mutum ya lura baƙin man injinsa yana ɗaukar zafi fiye da kima, sai ya kashe kuɗi ya sayo masanyayin mai na kasuwa, wanda kanikawa ke kira oyil kula, aka ɗaura masa a bayan bamba. Zafi kuwa ya sauka kamar yadda aka yi masa alkawari, amma da ya dubi gejin matsi sai ya ga allurar ba ta kai inda ta saba kaiwa. Shin garin neman gira ya rasa ido ke nan, ko kuwa wannan ragi ne da inji zai iya ɗauka ba tare da wata illa ba?

Maganar ta ƙara zafi tun daga 2022, bayan da sabbin Toyota GR86 da Subaru BRZ suka shiga kasuwa da inji mai lita 2.4 da ake kira FA24, masu su kuma suka fara dasa na'urorin auna matsi suna ganin yana faɗuwa a wasu kwanoni na filin tsere. Daga nan aka cakuɗa batutuwa biyu da ba su da uwa ɗaya, har wasu suka ɗora wa masanyayi laifin da ba nasa ba, wasu kuma suka saye shi a matsayin maganin cutar da ba ya warkarwa.

Mene ne matsin mai, kuma daga ina yake fitowa?

Kuskuren farko shi ne zaton cewa famfon mai ne ke ƙera matsi. Aikin famfo tura mai ne kawai: kowane juyi ɗaya yana kwasar adadi sananne daga kaskon da ke ƙasan inji ya cusa shi cikin hanyoyi. Matsi yana bayyana ne saboda man ya tarar da ƙofofi matsattsu a gabansa. Duk wanda ya taɓa danne bakin tiyo da babban yatsa lokacin ban ruwa ya san wannan, domin ruwan da ke zuwa bai ƙaru ba, hanyar fitarsa ce ta ƙuntata.

Ƙofofin da ake so man ya matse a cikinsu su ne giɓin da ke tsakanin karanshaf, wato babban sandan ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, da metal ɗinsa, wato siraran ƙarafan da yake juyawa a kansu, giɓin da bai wuce kusan 0.05 na milimita ba, wato bai kai kaurin gashin kai ba a mafi yawan lokaci. A cikin wannan ɗan giɓi juyawar ƙarfen kanta ce ke jan man ta mayar da shi shimfiɗa mai ƙarfin da ya ninka na famfo sau da yawa, har ƙarfe ya riƙa shawagi a kan mai bai taɓa ɗan'uwansa ba. Famfo dai shi ke tabbatar da cewa sabon mai yana isowa kafin na ciki ya tsere ta gefe. Idan isowar ta yanke ko da na ɗan lokaci ne inji yana kan juyi 7,000 a minti, ƙarfe zai ci ƙarfe, kuma abin da kanikawa ke cewa inji ya buga ke nan.

Akwai tsohuwar ƙa'ida ta masu haɗa injin tsere a Amurka da ke cewa a samu matsin psi 10 a kan kowane juyi 1,000 a minti, wato kusan kashi 7 cikin 10 na bar ɗaya, tunda psi da bar duka ma'aunan matsi ne, kuma bar ɗaya daidai yake da psi 14.5. Ƙa'ida ce ta kimantawa, kuma injinan zamani da dama suna aiki lafiya ƙasa da ita, amma tana nuna cewa lamba ɗaya tilo ba ta da ma'ana sai an faɗi juyin inji da zafin man da aka auna ta a kai.

Abin da zafi ke yi wa mai

Mai yana tsinkewa idan ya ɗauki zafi, kamar yadda man shanu ke narkewa a rana. Lambobin da ke jikin galan, irin su 0W-20 ko 5W-30, suna bayani ne a kan haka: lamba ta biyu tana nuna rukunin kaurin man a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas. Yawancin injina sun fi jin daɗi idan man yana tsakanin digiri 90 da 110. A filin tsere kuwa, inda direba ke riƙe totur a sama na minti 20 ko fiye, ba abin mamaki ba ne man ya haura digiri 130, kuma a wannan zafi yana tsere wa metal da sauri, shimfiɗar ta yi siriri, matsi ya sauka. Ga kuma lalacewar man kansa, wadda masana sinadarai ke kimanta cewa saurinta yana ninkuwa kusan sau biyu a duk ƙarin digiri 10.

Don haka buƙatar masanyayi gaskiya ce ga wasu motoci. Nissan 370Z da ta fito a 2009 ta yi suna da wannan matsala: bayan 'yan zagaye a filin tsere man yakan yi zafin da kwamfutar motar ke rage ƙarfin inji don kare shi, har masu ita suka mayar da sayen masanyayi farilla, kafin kamfanin da kansa ya sa shi a samfurin 2012. Tsofaffin Porsche 911 masu sanyaya inji da iska, waɗanda aka daina ƙerawa a 1998, sun dogara ne ƙwarai a kan mai wajen kwashe zafi, shi ya sa suke ɗaukar fiye da lita 10, da yawansu kuma suna da masanyayi can a gaban mota alhali injin yana baya.

Inda matsi ke zubewa a hanya

Masanyayin kasuwa yakan zo da abubuwa uku. Akwai faranti mai kauri da ake cusawa tsakanin filta da jikin inji, akwai tiyo biyu, sai kuma shi kansa masanyayin, wanda ya yi kama da ƙaramin lagireto. Man da a da yake fita daga famfo ya ratsa filta ya shiga inji cikin tafiyar da ba ta wuce taki ɗaya ba, yanzu sai ya fita waje ya yi tafiyar mita 2 ko 3, ya karya kwana da dama, ya ratsa siraran hanyoyi, sannan ya dawo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana karɓar harajinsa.

Mutum zai iya cewa ai famfo zai ƙara ƙoƙari ya cike giɓin. A nan ne sirrin maganar yake, kuma shi ne abin da na ga an fi tsallakewa. A jikin famfo akwai bawul mai sifirin wanda ke buɗewa idan matsi ya kai iyakar da maƙera suka sa masa, ya mayar da rarar man baya. A mafi yawan injina wannan bawul yana zaune ne kafin masanyayi, don haka matsin da yake ji shi ne na bakin famfo, bai san abin da ya isa wurin metal ba. A ɗauka, don misali, an sa masa iyakar psi 80. Kafin a yi wa motar ƙari, filta da hanyoyi suna cin 5, metal yana samun 75. Bayan an ɗaura masanyayi da ke cin 15, bawul yana nan yana buɗewa a 80 ɗinsa, amma abin da ke isa metal ya koma 60. Famfo lafiyarsa lau, bawul ma yana aikinsa daidai, sai dai man da ya kamata ya je inji ne ake juyar da wani kasonsa zuwa kasko. Kuma harajin yana ƙaruwa ne da yawan man da ke gudu, wato ya fi tsanani a saman juyi, daidai lokacin da inji ya fi buƙata.

Faɗin tiyo ya fi komai tasiri, kuma mutane suna raina shi saboda ido ba ya ganin bambancin sosai. Ana auna waɗannan tiyo da ma'aunin AN, wanda ya samo asali daga sojojin Amurka, inda kowace lamba ke nufin kashi ɗaya cikin 16 na inci. AN-8 rabin inci ne, kusan milimita 13, AN-10 kuma kusan milimita 16. Bambancin milimita 3 ke nan kacal. Amma wani likita Bafaranshe mai suna Poiseuille ya nuna tun wajajen 1840 cewa idan ruwa mai kauri yana gudu a natse cikin bututu, asarar matsi tana ƙaruwa ne gwargwadon ƙuntatar bututun idan an ninka ta da kanta sau huɗu a jere. Idan aka yi lissafin, wanda ya zaɓi AN-8 maimakon AN-10 ya jawo wa kansa asarar da ta kusa ninka ta ɗayan sau biyu da rabi a tsawon tiyo iri ɗaya.

Sai kawunan tiyo. Ka ɗauki guda biyu masu kwana ka ɗaga su sama ka leƙa cikinsu a hasken rana. Na farko bututu ne da aka lanƙwasa a hankali, haske yana bin lanƙwasar har ya kusa fitowa ta ɗaya bakin. Na biyu dunƙulen alminiyam ne da aka huda ta sama aka huda ta gefe, ramukan biyu suka haɗu a kusurwa mai kaifi, idan ka zura ɗan yatsa za ka ji bango a gabanka. A waje duk launinsu ɗaya, shuɗi da ja suna ƙyalli, lambar da aka buga a jikinsu ma ɗaya ce, amma mai da ya shiga na biyu sai ya daki bango ya hautsine kafin ya juya. Idan aka jera irin wannan guda huɗu a mota ɗaya, asararsu kan iya yin gogayya da ta masanyayin kansa.

Shi ma masanyayin, siffarsa ta fi girmansa muhimmanci. Layukan da ke cikinsa a jere suke kafaɗa da kafaɗa, man yana rarrabuwa a tsakaninsu, saboda haka ƙara yawan layuka yana sauƙaƙa wa mai hanya. Ƙara tsawon kowane layi kuwa yana ƙuntata masa. Dogo siriri mai layi 10 zai fi cin matsi a kan gajere mai layi 25, ko da faɗin fuskarsu ɗaya ne. Kamfanoni irin su Setrab na Suwidin da Mocal na Ingila sun daɗe a wannan sana'a, kuma abin da ya kamata mai saye ya nema daga kowane kamfani shi ne bayanin yawan matsin da kayansa ke ci, ba yawan zafin da yake kwashewa kaɗai ba.

Inda aka dasa geji na iya ɓatar da mai mota

Da yawa daga cikin gardamar da ake yi ta samo asali ne daga wurin da kowa ya dasa ma'auninsa. Farantin da ake cusawa ƙarƙashin filta yakan zo da ramuka na dasa geji, kuma a wasu farantan ramin yana gefen man da ke fita zuwa masanyayi. Wanda ya dasa a nan zai ga matsi bai ragu ba, wataƙila ma ya ƙaru, sai ya yi ta shelar cewa kayansa ba su da aibu, alhali abin da yake karantawa shi ne cunkoson da masanyayin ya haddasa a bayansa. Ma'aunin da ke faɗin gaskiya shi ne wanda aka dasa a babbar hanyar mai ta jikin inji, bayan man ya gama zagayensa ya dawo.

Jan fitilar mai da ke dashbod ba abin dogaro ba ce a nan. A motoci da yawa ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa da rabin bar, kuma injin da ke saman juyi ya riga ya cutu tun kafin a kai nan.

Sanyin safiya da batun tamostat

Idan mai ya kwana ya huce, kaurinsa yana ninka na lokacin aiki sau da yawa, kuma tura irin wannan mai ta cikin siraran layukan masanyayi yana kama da tura zuma ta tsinken shan lemo. A wannan lokaci ne asarar ta fi muni, a lokacin ne kuma tiyo mara ƙarfi ko masanyayi mai araha ke fashewa. Maganin shi ne faranti mai tamostat, wanda ke barin yawancin man ya wuce kai tsaye cikin inji har sai ya kai kusan digiri 80 ko 90, sannan ya karkatar da shi waje. Ba tare da shi ba, motar da ake hawa a gari za ta iya kasa kai man zafin da zai kori raɓa da burbushin fetur da ke taruwa a cikinsa, sai ka buɗe murfin mai ka tarar da wani farin kumfa kamar madara a ƙarƙashinsa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a garejinmu an saba cire tamostat na ruwa daga motocin da aka shigo da su daga Turai da hujjar cewa ƙasarmu ta zafi ce. Gaskiya ne Sakkwato, Maiduguri da Yamai suna haura digiri 40 a watan Afrilu, amma digiri 40 sanyi ne ga injin da aka ƙera don ya yi aiki a 90, balle asubahin hunturu a Jos ko Kano. Duk wanda ya kawo wannan ɗabi'a cikin harkar masanyayin mai ya cuci injin da aka ba shi amana.

Faɗuwar matsin da ba ruwanta da masanyayi

Yanzu a koma ga GR86 da BRZ. Abin da masu su suka riƙa gani a na'urorinsu shi ne matsi yana nan daidai a miƙaƙƙiyar hanya, sai a shiga doguwar kwana ta dama da gudu ya faɗi kwatsam, a fita kwanar ya dawo. Wannan alama ce ta wata cuta daban. Idan mota ta karya kwana da ƙarfin da ya kai nauyinta, wanda tayoyin tsere ke iya bayarwa, man da ke kasko yana hawa bango ya tsaya a karkace kusan digiri 45, kamar ruwa a bokiti a bayan babur. Injin Subaru kuma shimfiɗaɗɗe ne, silindojinsa suna kwance hagu da dama, don haka mai na iya taruwa a kan silinda na gefe ɗaya ya yi jinkirin dawowa. Bakin bututun da famfo ke zuƙa da shi sai ya shaƙi iska, kuma iska ba ta ɗaukar ƙarfe.

A shekarar 2022 ɗin an kuma samu rahotannin gutsattsarin gam ɗin siliki da aka liƙe sassan inji da shi a masana'anta sun taru a rariyar wannan bututu. Wani mai GR86 a Amurka injinsa ya buga, aka fara hana shi gyaran garanti bisa hujjar yadda ya yi amfani da motar a wasan tuƙi, sai da maganar ta bazu a kafafen sada zumunta sannan Toyota ta amince ta ɗauki nauyin gyaran.

Masanyayi ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke taimakawa shi ne kasko mai shingaye a ciki da ke tsare mai kusa da bakin bututu, ko tulun ajiya irin Accusump da ke riƙe mai a matse ya sake shi idan matsi ya faɗi, ko kuma tsarin da motocin tsere na gaske ke amfani da shi, inda ake kwashe man gaba ɗaya daga ƙasan inji a tara shi a tanki na dabam. Bambance cututtukan biyu ba shi da wuya ga mai lura: asarar masanyayi tana nan kullum kuma tana bin juyin inji, ta kwana kuwa tana zuwa ta tafi tare da sitiyari.

Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi

Masu goyon bayan ɗaurawa suna cewa matsin da aka rasa a tiyo ana mayar da shi ta wata hanya, domin man da aka sauko da shi daga digiri 135 zuwa 105 ya fi kauri nesa ba kusa ba, shimfiɗarsa a metal ta fi ƙarfi, kuma a ƙarshen minti 20 na tsere gejinsu yakan nuna lamba mafi kyau fiye da da. Ga motar da ke ganin filin tsere da gaske, kuma aka yi mata aikin da tiyo mai faɗi da tamostat, ina ganin hujjarsu ta fi ƙarfi.

Masu adawa kuma suna nuni da cewa motoci da yawa na zamani, har da GR86 ɗin, sun zo da ƙaramin masanyayi daga masana'anta wanda ke amfani da ruwan lagireto, yana ɗumama man da safe yana kuma sanyaya shi da rana, ba tare da tiyo ko ɗaya a waje ba. Suna ƙarawa da cewa injin yau yana amfani da matsin mai wajen sarrafa lokacin buɗewar bawul, da fesa mai a ƙasan fistin, da ciyar da turbo mai juyi fiye da 100,000 a minti, saboda haka rarar matsin da ake taƙama da ita ba ta kai ta injinan da ba. Wasunsu sun fi son a sauya man kawai, a bar 0W-20 a koma 5W-30 a ranar tsere. Wannan yana da amfani, sai dai a sani cewa ganin allura ta hau bayan an zuba mai mai kauri ba ya nufin man da ke isa metal ya ƙaru, kuma idan akwai masanyayi a hanya, mai kauri ya fi biyan haraji a cikinsa.

Abin da ya shafi mai mota na yau da kullum

Wanda motarsa ba ta wuce gida, ofis da tafiyar Kaduna zuwa Abuja, da wuya man injinsa ya kai zafin da ke buƙatar wannan ƙari, kuma hanyar sani ita ce a dasa ma'aunin zafin mai a duba shi na 'yan makonni kafin a sayi komai. Idan lambar ba ta wuce digiri 110 zuwa 115 a rana mafi zafi da kaya mafi nauyi, kuɗin ya fi amfani a mai nagari da juye a kan lokaci.

Wanda kuma ya ɗaura ya ƙara wa motarsa mahaɗai da dama da mai zai iya tsiyaya ta cikinsu, ga masanyayi a gaba inda tsakuwa ke bugu. Zaren da filta ke hawa kansa iri biyu ne da suka yi kama ƙwarai, M20 da kuma mai kashi 3 cikin 4 na inci, har ɗaya kan hau kan ɗaya ya yi kamar ya ɗauru, sai matsi ya hau ya fizge. Dole a ƙara mai gwargwadon abin da tiyo da masanyayi suka shanye, wanda kan kai rabin lita zuwa lita guda, a kuma ɗaura masanyayin bakunansa suna sama ko a gefe don kada iska ta maƙale a ciki. Bayan an gama, a juya inji ba tare da an bar shi ya tashi ba har matsi ya bayyana, sannan a tayar, a bar shi ya yi zafi har tamostat ya buɗe, a kashe a sake duba sandar awon mai da kowace mahaɗa da farin tsumma.

Dalilin wannan taka-tsantsan lissafi ne mai sauƙi. A ɗauka famfo yana tura lita 40 a minti a saman juyi, kasko kuma yana ɗauke da lita 5. Idan tiyo ya zame daga kansa a wannan hali, man zai ƙare cikin ƙasa da daƙiƙa 10, wani ya zuba a kan salansa mai zafin da ke iya kama wuta, saura kuma ya malale a kwalta a gaban tayoyin baya na motar da na duk wanda ke biye da ita.